Ƙafarka ta Hagu

Limawa, Dutse

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iliyasu,

Ka ga na rubuta sunanka. Shekara ashirin da huɗu ke nan ban taɓa furta shi ba, sai dai in ce Ɗan Inna, ko in ce wa Rabi ta kira mini yayanta, kuma yanzu ma sai da na ajiye biron kafin na ci gaba. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe jakar, a mota ne ko bayan ka sauka Jos. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutum da na abin da ido ba ya gani. A aljihun gefe na cusa ta, ƙarƙashin safa, don na san in na miƙa maka hannu da hannu, ni da kai duka za mu rasa inda za mu sa idonmu.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi. Magana ce a kan abin da na gani ranar Asabar, wanda har yau jikina bai dawo daidai ba.

Muna gidan suna a nan bayan layinmu, ana rabon waina, sai na ga mata sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, wannan ta yi salati, wannan ta yi shewa. Hajiya Talatu ta ɗago ta ce, "Malama, zo ki ga ikon Allah!" Na matsa na leƙa. Wani mutum ne da 'yar riga yana gudu a kan doron dutse, siriri kamar kan katanga. Ta damansa rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa, ta hagunsa gajimare ne, kuma gajimaren a ƙarƙashin ƙafarsa yake, ba a samansa ba. Yana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, hannuwa a buɗe, tsakuwa tana zubewa a bayansa tana gangarawa ba a jin saukarta. Na dafe ƙirji na ce, "Wannan wane mahaukaci ne uwarsa ta sake shi haka?" Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ban gane dariyar ba sai da mutumin ya juyo da fuskarsa. Ashe ni ce uwar.

Wallahi ban san lokacin da farantin ya suɓuce daga hannuna ba. Suna ta yi mini barka, wai ka zo na biyu a duwatsun Jos, wai shi ya sa aka ɗauke ka za ka koma can da zama, daga nan a kai ku wani dutsen da ya ninka wannan tsawo can wajen iyakar Kamaru. Hajiya Talatu tana cewa, "Shi ne ko ki gaya mana, Malama, sai ka ce za mu cinye shi?" Ni kuwa me zan gaya musu? Da ka ce mini za ka tafi horon gudu, duk zatona gudun fili ne, irin wanda muke shirya wa yara a makaranta, a zuba toka a ja layi, wanda ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe wandonsa.

Na dawo gida na sa Rabi ta nemo mini bidiyon a wayarta. Mahaifinka ya kalla sau ɗaya, ya ce Allah ya tsare, ya ɗauki butarsa ya fita, alhali ko la'asar ba a kira ba. Ni na zauna na kalla, na sake, na sake, kuma a nan ne na ga abin da ya fi ramin tayar mini da hankali. Ni 'yar ruga ce. Tun kafin in san harafi na san saniyar da ke ɓoye ciwon kofato a cikin garke: ba ta ɗingishi, sai dai ta gaggauta ɗauke ƙafar kamar ta taka garwashi. Haka kake yi da ƙafarka ta hagu. Duk inda za ka dira daga sama, da dama kake dira, ko da hagu ce ta fi kusa.

Na kira Rabi na ce ta dube ni. Ta yi ta kame-kame, can sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Adda, ya ce in na faɗa ba ni ba shi. Wata biyu ke nan, a dutsen bayan unguwa ya gurɗe. Idon sawun ya kumbura, ɗaure shi yake da bandeji ya ɗora safa biyu, ya sha ƙwaya kafin ya fita. Mai horar da su ma bai sani ba, ya ce in ya sani zai cire sunansa."

To, da wannan ƙafar za ka hau inda gajimare ke ƙasa. Sau uku ka shigo gaishe ni tun ranar, kana durƙusawa da hagun a miƙe gefe, sau uku ina buɗe baki, abin da ke fita kawai shi ne, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka." Shi ya sa na ɗauki biro. Kuma da na zauna neman wanda zan ɗora wa laifi, na duba gabas na duba yamma, ban ga kowa ba sai kaina.

Ban taɓa tambayarka komai ba, daga nan abin ya fara. Kai ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta cewa ya ci ko bai ci ba, balle ta ce ina ka je. Haka aka yi mini, haka na yi maka, har ina jin daɗi in an ce Malama akwai kara. Shekara nawa kana fita bayan sallar asuba kana dawowa jiƙe sharkaf? Ina ganin kambas ɗinka a bakin rijiya, baki ya yage, ƙasa ta cinye. Ina ganin ƙujewa a gwiwar hannunka. Na ce a raina ƙwallo ce, na wuce abina. Sau ɗaya na kusa tambaya, ranar da ka shigo ƙaya ta cika maka wando, sai kakarka Inna ta leƙo daga ɗakinta, ai kuwa nan take na mayar da maganar ta wankin kwanuka. Ashe duwatsun nan da nake hangowa ta tagar aji, waɗanda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau, su kake hawa kana saukowa a guje. 'Yan acaba sun sani, masu shayi sun sani, ni da na haife ka sai a gidan suna.

Saboda haka kada ka sake fita kan dutse ba tare da wani ya san hanyar da ka bi da lokacin da za ka dawo ba. Ka gaya masa ko bai tambaya ba. Akwai masu sonka da ba su iya tambaya ba, kuma shirunsu ba yana nufin ba su damu ba ne. In Allah ya ba ka naka ɗan farin, ka yi masa karar sunan in kana so, amma ka tambaye shi ina ya je.

Laifina na biyu kuwa ban sani ba ko kana tunawa. Kana shekara bakwai, dangin mahaifinka suka zo daga Aujara, tsakar gida cike da tsofaffi, ni ina durƙushe ina dama musu fura. Sai ga ka a guje, gwiwa a fashe, jini har cikin silifas, kana ihu, "Adda! Adda!" Ka zamo daga falalen dutsen nan na kusa da makabarta. Zuciyata ta ce in jefar da ludayin in rungume ka. Amma idon surukai yana kaina. Ko ɗagowa ban yi sosai ba, na ce, "Wa ya mutu? Haɗiye shi." Ka tsaya cak. Na ga maƙogwaronka yana hawa yana sauka har ka haɗiye kukan nan duka. Goggo Dije, babbar yayar mahaifinka, ta ce, "Madalla, wannan namu ne." Ka san me na ji a lokacin? Daɗi na ji. Kaina ya yi girma, na ƙara musu nono.

Bayan sun tafi Inna ta zaunar da kai tana gasa ciwon da ruwan zafi da gishiri. Ko tari ba ka yi ba, sai satar kallona kake ka ga ko na ga jarumtarka. Na gani, na kawar da kai. Tun daga ranar ban sake jin kukanka ba, har ranar da aka fita da Inna, wadda ta goye ka ta yaye ka, idonka a bushe yake kana karɓar gaisuwa. Mutane suna ta yabo, ni ma ina cikin masu yabon.

Yau na janye wannan magana. Ciwo ba abin kunya ba ne, Allah ya sa shi a jiki ne don ya gaya wa mutum ya tsaya. Ƙwayar nan da kake sha ba ta ɗinke komai, toshe wa ciwon baki kawai take yi, jijiyar kuwa tana nan tana ƙara yagewa. A tsakar gida in ƙafa ta ci amanarka ka faɗi kan tabarma. A can ina za ka faɗa?

Kuma kada ka ɗauka kai ka fara gudu a kan dutse a zuriyar nan. Haƙorina na gaba da ya gutsure, wanda na ce muku ƙashin nama ne, ƙarya na yi muku, Allah ya yafe mini. Ina 'yar shekara goma sha huɗu, ranar kasuwar Kiyawa, mukan ratsa ta kan wani tsauni da ƙwaryar nono a ka don mu tari a-kori-kura a bakin titi, wadda ta riga isa ita ke samun wurin zama. Akwai wata Hansai, doguwa, kullum ita ke riga ni, kuma in ta zauna sai ta riƙa yi mini gwalo. Ranar na rantse sai na wuce ta. Hawa kam na riga ta, har ina waƙa. A gangara ne na ji ƙarar awarwaronta a bayana, na waiga in ga ina ta kawo, na taka wani dutse da nake zaton a kafe yake. Sai ga ni a ƙasa, baki cike da jini da ƙasa, nono yana bin tsagin dutse, ƙwaryar mahaifiyata ta aure ta rabe biyu. Hansai ta tsaya ta ɗaga ni, motar ta tafi ta bar mu mu biyu, ta rako ni gida tana zagina tun daga can har ruga.

Wannan kaɗai na sani a sana'ar taka, kuma da haƙori na saya. Hawa ba ya kayar da mutum kamar gangara, don a nan ne gwiwa ta gaji, rai kuma ya ga kamar an gama. Idonka ya tsaya a inda za ka sa ƙafa. Wanda ya zo wucewa ka ba shi hanya ya wuce, kada ka waiga. Dutsen da ya yi gansakuka bayan ruwa kada ka yarda da shi, haka ma wanda yake zaune shi kaɗai a kan tsakuwa. In ka ga wani ya faɗi ka tsaya, ko da shi ne ke gabanka.

Saura wanda ya fi nauyi, kuma shi nake ta kewaye-kewaye don kada in zo kansa. Labarin Kawu Sambo.

Ka san shi kamar karatun sallah, don ni na riƙa ba ku shi kai da Rabi. Yayana, Hamma Sambo, wanda bijimi ya ɓalle masa ya haye duwatsu, ya bi shi a guje yana tsallake tsagi, ya zame ya faɗa tsakanin duwatsu biyu, ya tashi ya kamo bijimin, ya koro garke gida, ya ɗaure maruƙa, ya ci tuwonsa bai ce wa kowa uffan ba. Nan nake tsayawa kullum in ce, "Kun ji namiji." Ina ganin yadda idonka ke ƙyalli. In kun tambayi me ya kashe shi, sai in ce zazzaɓi, kamar yadda Baffa, mahaifinmu, ya gaya wa mutane.

Ba zazzaɓi ba ne. Washegari da hantsi na zagaya bayan bukka ɗebo itace, na same shi durƙushe ya dafe haƙarƙari yana tofar da jini. Ina shekara goma sha biyu. Ya kama hannuna ya ce, "In kin faɗa, ni ba yayanki ba ne." Ni kuwa sai na ji na zama babba, an ba ni amanar maza. Na kwaso ƙasa na rufe jinin da hannuna. Rana ta uku ya sake fita da shanu, yana tafiya a miƙe don kada a gane. Rana ta huɗu ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. A amalanke aka kai shi titi, kafin a iso asibiti a Dutse rai ya yi halinsa. Wanda ya duba shi ya ce haƙarƙari ne ya karye ya huda ciki, ya tambaya me ya sa ba a kawo shi tun ranar farko ba. Baffa ya ce ba wanda ya sani. Ina tsaye a bayansa, ban ce komai ba. Ko mahaifinka bai san wannan ba, kai ne mutum na farko da na gaya wa.

Na ɗauki mutuwar yayana na yanke mata ƙarshe, na mayar da ita tatsuniyar jarumta, na ɗura wa ɗana ita tun yana ƙarami. Ranar Asabar da Rabi ta ce, "Ya ce in na faɗa ba ni ba shi," muryar Hamma Sambo na ji sak. Kada ka kuskura ka yi fushi da yarinyar nan. Ta yi abin da na kasa, kuma da na yi shi, wataƙila da yau kana da kawun da za ka je yi wa sallama.

Ba cewa nake ka bar gudun ba. Na so in ce haka, har na rubuta a wata takardar na yaga. Abin da ya hana ni shi ne ƙarshen bidiyon nan, inda ka iso ƙasa ka dafa gwiwa kana haki kana dariya, irin dariyar da ban taɓa ganin ka yi a gidan nan ba. Ba zan raba ka da ita ba, ko da yake har gobe ban ga abin da mai hankali ya ajiye a saman dutse da zai je ɗaukowa a guje ba. Abu ɗaya nake nema. Ranar da ka sauka, kafin ka kwance kaya, ka je wurin mai horar da ku, ka zauna, ka cire safar nan duka biyu, ka warware bandejin, ka ce masa, "Nan ke mini ciwo, wata biyu ke nan." Ya kai ka a ɗauki hoton ƙafar. In sun ce ka huta, ka huta. In sun cire sunanka bana, su cire, dutsen ba inda za shi, baɗi ma yana nan. Kuma ko bayan ka warke, duk ranar da kake can sama jikinka ya ce maka a'a, ka juyo. Mai juyowa ba rago ba ne, ko da a bakina ka taɓa jin akasin haka.

Na san abin da za ka ce a ranka: Adda ce ke wannan magana, ita da ko ciwon kai ba ta taɓa cewa tana yi ba? Gaskiyarka. Ni ma na ga bai kamata in aike ka inda ban taka ba. Shekara biyu ke nan ina fama da wani ciwo a gefen cikina na dama, in ya murɗa sai in dafa allo in ce wa yara su yi ta karatu ina zuwa. Ba wanda ya sani, kanwa nake jiƙawa in sha. Shekaranjiya Litinin na sa mayafina na hau adaidaita na tafi asibiti ni kaɗai. Da na zauna gaban likitar, yarinya ce da ta girmi Rabi da kaɗan, ta ce, "Mama, me ke damunki?" Wallahi saura kaɗan in ce lafiya lau. Sai da na riƙe gefen kujera na ce, "Nan ke mini ciwo." Ta danna wurin, na yi ƙara, ƙara sosai, har ma'aikaciyar jinyar da ke waje ta leƙo. Ta ce, "Haba Mama, ina kika shiga duk wannan lokacin?" Sun ɗebi jini, sun ce in dawo ranar Litinin mai zuwa a yi hoton ciki. Ba ta ce mini komai ba tukuna, kuma ina jin tsoro, ga shi na faɗa.

Kada ka ce za ka juyo saboda ni, mahaifinka zai raka ni, jiya na gaya masa. Ban rubuta maka wannan don in ɗaure maka ƙafa ba. Na rubuta ne don ka san na gwada, kalma huɗu ce kacal, kuma ban mutu don na faɗe su ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya tabbatar da dugaduganka a kan kowane dutse, ya tsare ka a hawa da gangara, ya haɗa ka da abokan tafiya masu tsayawa in mutum ya faɗi. Allah ya yafe mini abin da na koya maka bisa kuskure. Mahaifinka yana sa maka albarka, Rabi tana gaishe ka tana kuma jin tsoronka, ka kira ta.

Ranar Litinin bayan azahar zan kira ka da kaina, ba ta bakin kowa ba. Zan gaya maka abin da hotona ya nuna, ko mene ne, ba zan rage komai ba. Daga nan sai in yi shiru in saurari naka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Adda